Tab ɗinka ya rufe a waya? Kwantar da hankali, ga yadda ake dawo da shi

Shekaran jiya bayan la'asar muna zaune a bes ɗinmu nan Aboabo a Kumasi, ataya na kan wuta zagaye na biyu, sai ga ƙanwata ta taho da sauri ko mayafi bata gyara ba, waya a hannu, tana cewa Yaya na shiga uku komai ya tafi. Nace me ya tafi, kuɗi ne? Tace a'a, fom ɗin makarantar koyon aikin jinya take cikewa tun safe, ta buɗe shafuka kusan bakwai, ɗaya na fom ɗin, ɗaya na sharuɗɗan shiga, ɗaya inda ta duba sakamakon WASSCE ɗinta, sauran ita kanta ta manta ko na menene, sai Mma ta aike ta sayo kayan miya ta bar wayar a hannun ɗan yayarmu mai shekara huɗu ya kalli katun, kafin ta dawo yaro ya share komai tas. Na karɓi wayar, kafin mai ataya ya gama tada kumfa shafukan sun dawo, ta tsaya tana kallona kamar wani malamin tsibbu. Ba tsibbu bane wallahi, danna uku ne kawai, kuma abun da ya bani mamaki cikin mu takwas da muke zaune a wurin mutum biyu ne kaɗai suka san da hanyar, alhali kowa waya ce a hannunsa dare da rana.

Ga wanda bai gane me ake cewa tab ba, duk shafin da ka buɗe daban a cikin burauza, wato manhajar shiga intanet irin Chrome, shine tab. In ka duba kusa da inda ake rubuta adireshi zaka ga wani ɗan akwati da lamba a ciki, lambar nan ita ce yawan shafukan da ka bari a buɗe. A Chrome na Android in suka wuce 99 lambar ma ɓacewa take sai ka ga alamar dariya :D a wurin, wato wayar ma dariya take maka. Na san wani Alhaji mai shagon kayan wuta a Kejetia da tashi ta shekara biyu tana wannan dariyar, zan dawo kansa.

Toh kafin ka fara danne-danne, tsaya ka gane menene ainihin abun da ya rufe, don rabin mutanen da suke kawo mun waya suna cewa tab ya ɓace babu abun da ya ɓace. Wani ya danna maɓallin nan da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan ne ya ture Chrome gefe, ko ya danna share duka don waya tayi sauri, sai yaga kamar ya kashe shafukansa. Wannan baya taɓa tab ɗinka na yau da kullum ko ɗaya. Ka sake buɗe burauzar ka danna ɗan akwatin mai lamba, zaka gansu a jere yadda ka barsu. Haka in batir ya mutu ko wuta ta ɗauke kwana guda wayar ta mutu, kana kunnawa suna nan.

Wani kuma shafin yana nan amma ya sake lodi ne daga farko. Wannan yafi faruwa a ƙananan wayoyi masu RAM giga 2 ko 3, irin wanda yawancinmu muke riƙewa. Ka fita daga burauza ka shiga WhatsApp ka amsa saƙo, ko ka fita ka danna *170# don ka amince da biyan MoMo, to wayar tana ganin wuri ya mata kaɗan sai ta sauke burauzar daga ƙwaƙwalwa, kana dawowa shafin ya fara juyawa kamar yanzu ka buɗe shi. Tab ɗin bai rufe ba, abun da ke cikinsa ne aka sake ɗaukowa. Maganin wannan daban ne, shine ka rage manhajojin da ke buɗe kafin ka fara aiki mai muhimmanci, kuma in ka fita kar ka daɗe.

Amma in da gaske an rufe, bari mu fara da Chrome tunda ita ce a kusan kowace Android, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung.

Hanya mafi sauri tana da ɗan lokaci kaɗan. Duk sanda ka rufe tab daga wurin da suke jere, ko ka danna alamar x ko ka ture shi gefe, wani ɗan baƙin layi yana fitowa a ƙasan fuskar wayar da kalmar Undo a gefe. Ka danna ta nan take tab ya dawo inda yake. Ko duka ka rufe gaba ɗaya bisa kuskure layin nan yana fitowa kuma yana dawo dasu duka. Matsalar dai sakan kaɗan yake yi ya ɓace, kuma mutum in ya firgita maimakon ya kalli ƙasa sai ya dafe kai yana salati, kafin ya gama layin ya tafi. Yi salatinka amma yatsa na aiki.

In Undo ya wuce ka, ba komai. Danna ɗigo ukun nan da ke kusurwa, cikin jerin da zai fito ka nemi Recent tabs. Kana shiga zaka ga wani sashe da aka rubuta Recently closed, a ƙarƙashinsa shafukan da aka rufe na baya-bayan nan ne, na ƙarshe a sama. Ka taɓa wanda kake so ya buɗe. In da yawa aka rufe lokaci guda, kamar yadda yaron nan yayi wa ƙanwata, sau da yawa zaka gansu a dunƙule layi ɗaya an rubuta yawansu, ka danna wannan layin duka su dawo tare, ita kam haka nata suka dawo guda bakwai cif. Abun da yasa nafi son wannan hanyar akan histiri, wato jerin duk shafukan da ka taɓa shiga, shine tab ɗin yana dawowa da tarihinsa, wato in ka danna komawa baya zai kaika shafin da ka fito kafin wannan, ba sabon buɗi bane kawai.

Sai dai jerin nan gajere ne. Kaɗan yake riƙewa, kuma duk sabon da ka rufe yana ture tsoho. Shi yasa nake cewa mutane in abu ya ɓace ku daina buɗe-buɗe da rufe-rufe kuna nema, don da hannunka kake binne shi. Wata Hajiya maƙwabciyarmu mai saida atamfa ta rasa shafin da take duba zanen leshi, maimakon ta kira ni sai ta dinga buɗe sabo tana rubuta leshi tana rufewa har sau ashirin, lokacin da wayar ta iso hannuna jerin ya cika da nata neman. Nace Hajiya ai da kin bari. Tace ɗan nan ni ina na sani. Daga nan sai muka koma histiri.

Histiri shine babban rumbun. Ɗigo uku, sannan History, zaka ga duk shafin da ka taɓa shiga an jera su rana-rana, yau, jiya, shekaran jiya har baya. Chrome tana riƙe na kwana 90, kusan wata uku kenan, bayan haka tsofaffin suna fita da kansu. Kar ka tsaya jan yatsa ƙasa kana karanta ɗaya bayan ɗaya, akwai alamar madubin bincike a sama, danna ta ka rubuta kalma ɗaya da ka tuna, ko daga sunan shafin ko daga adireshin. In sakamakon jarrabawa kake nema rubuta waec kawai, in gurbin sakandare na yaro ne bayan BECE rubuta cssps, in fom ɗin jami'a ne rubuta knust, in fasfo ne rubuta passport da turanci yadda yake a shafin, don ita tana neman harafin da ke cikin sunan shafin ko adireshinsa ne ba abun da ke ranka ba. In ba kalma ko ɗaya da ka tuna to tuna rana. Yaushe ne, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ko ranar da aka yi suna a gidan Kawu? Sai ka gangara zuwa ranar ka duba. Na Hajiya haka muka samo shi, ta tuna ranar da aka ɗauke ruwa ne tana zaune tana jiran mai kawo mata. Kuma ko a inda ake rubuta adireshi ma in ka fara rubuta kalmar, sau da yawa Chrome zata kawo maka tsohon shafin da alamar agogo ko ta duniya a gefe, wani lokacin wannan yafi sauri.

Akwai wani wurin ɓuya da ya rikita mutane da yawa a 'yan shekarun nan. Chrome ta fara kwashe shafukan da aka yi makonni ba a taɓa ba tana kai su wani ɗaki daban, sunansa Inactive tabs, yana can sama in ka danna ɗan akwatin mai lamba. Mutum yana da tab sittin ya wayi gari yaga goma sha biyu sai ya fara zargin matarsa ko yara, alhali suna can an tattara su ne kawai. Shiga ka taɓa wanda kake so ya koma cikin sauran. Amma ka lura, in suka daɗe sosai a ɗakin nan akwai saitin da ke rufe su da kansa, don haka in kai mai tara shafuka ne ka shiga Settings, ka nemi Tabs, ka kashe rufewar ko ma ka hana kwashewar baki ɗaya. Haka nan in ka haɗa shafuka rukuni guda, rufe rukuni daban goge rukuni daban. Wanda aka rufe kawai yana nan a sashen rukunoni ka iya buɗe shi, wanda aka goge sai dai ka bi ta Recent tabs ko histiri.

Yanzu batun asusun Google, kuma nan ne nake so a saurare ni da kyau don shine ke raba wanda zai yi dariya da wanda zai yi kuka ranar da waya ta faɗa kwata ko aka zare ta a cunkoson Kejetia. In ka shiga Chrome da Gmail ɗinka kuma ka bar histiri da tab suna tafiya asusun, to a wannan shafin na Recent tabs ɗin ƙasa kaɗan zaka ga sunayen sauran na'urorinka, kwamfuta ko tsohuwar waya, da shafukan da ke buɗe a kowace. Ka sayi sabuwar waya a Adum, ka saka Gmail ɗin, ka shiga nan, ka kwaso na tsohuwar. Bayan wannan akwai myactivity.google.com, inda Google ke ajiye abubuwan da ka nema da shafukan da ka shiga in ka bar wannan ajiyar a kunne, kuma can yana wuce kwana 90 nesa ba kusa ba. Asusun da aka buɗe daga 2020 zuwa yau yawanci an saita su su goge abun da ya wuce wata 18, kana iya maida shi wata 3 ko wata 36. Wasu basa son Google ta san duk inda suka taka a intanet, kuma ban ga laifinsu ba, zaɓi ne, amma wanda ya kashe ya sani cewa ya kashe fitilar da zai nemi abu da ita. Babbar matsalarmu a zango ma ba wannan bace, ita ce rabinmu mai shagon waya ne ya buɗe mana Gmail ranar da muka sayi waya, bamu san fasawod ɗin ba, wasu ko adireshin basu sani ba. In kana cikinsu gyara wannan yau tun wayar tana hannunka.

Masu iPhone, ku naku a ɓoye yake, Safari bata rubuta shi ko'ina ba, sai wanda aka gaya wa. Danna alamar akwati biyu da suka hau juna don shafukan su fito a jere, a sabbin iOS wani lokacin sai ka fara danna ɗigo uku kafin ka ga inda aka ce All Tabs. Zaka ga alamar ƙari, wato +, wadda ake buɗe sabon shafi da ita. Kar ka taɓa ta ka saki, ɗora yatsa ka riƙe kamar sakan biyu. Jerin Recently Closed Tabs zai fito, ka zaɓi naka. Shikenan. Na nuna wa wani abokina da ya shekara biyar da iPhone yana mana yanga da ita, ya riƙe baki yace chale ashe haka abun yake. In babu a jerin, danna alamar littafi sannan alamar agogo, nan ne histirin Safari, ka ja ƙasa kaɗan wurin bincike zai fito. Amma nata baya kai na Chrome daɗewa, wajen wata guda ne a waya, kar kayi sanya.

Abu biyu ke cinye wa masu iPhone shafuka. Na farko in ka riƙe alamar akwati biyun nan da yatsa wani jeri yana fitowa mai jan rubutu cewa a rufe duka, yatsa na zamewa an gama, kuma dawo dasu daga jerin can sai ɗaya bayan ɗaya, in ɗari biyu ne sai kayi haƙuri ka zaɓi masu amfani. Na biyu akwai saiti a cikin Settings, ƙarƙashin Safari, daga iOS 18 sai ka fara shiga Apps kafin ka ganta, sunansa Close Tabs. Zaɓi huɗu ne, da hannu, bayan kwana ɗaya, bayan mako ɗaya, bayan wata ɗaya. In ka sayi waya ta hannu kuma kullum kana wayar gari shafuka sun ɓace, je ka duba nan ka maida shi Manually. Sannan kafin ka yanke cewa sun ɓace duba ko ka zame zuwa wani rukunin ne ko ɓangaren Private na shafukan sirri, tun iOS 15 da aka kawo rukunonin tab mutane suke ɓata a tsakaninsu, ka koma rukunin farko ka gansu lafiya lau. Wanda yake amfani da Chrome a iPhone kuma hanyarsa irin ta Android ce, ɗigo ukun ne dai suke ƙasa a kwance.

Samsung tana da tata burauzar, Samsung Internet, mai alamar duniya shuɗiya-shuɗiya. A nan ka danna alamar shafuka a ƙasa, sannan ɗigo uku a sama, zaka ga Reopen closed tab, yana dawo da na ƙarshe da aka rufe. Histiri kuma yana cikin layuka ukun nan na kusurwar ƙasa. Firefox ma kusan haka, shiga inda shafuka suke jere, ɗigo uku, Recently closed tabs, ko ka bi ta History zaka ganshi a sama. Ita ma tana da saitin rufe shafuka bayan kwana ko mako ko wata, a duba shi. Opera Mini da muke so saboda tana tattalin data, da Phoenix da ke zuwa a cikin Tecno da Infinix da itel, ni a kansu bana ɓata lokaci, kai tsaye histiri nake zuwa, nemi alamar agogo a cikin jerinsu. Abu ɗaya dai, ka tabbatar a wace burauza ka buɗe abun tun farko. Waya ɗaya burauza uku, mutum ya buɗe a Phoenix yazo yana haƙa a Chrome, ko shekara zai yi bazai samu ba, kowace da nata rumbun.

Wannan ya kawo ni kan wanda yafi kowanne yawa yanzu. Abun da kake nema wataƙila bai taɓa zama tab ba sam. Kana cikin Facebook kaga labari ka danna, shafin ya buɗe a cikin Facebook ɗin ne ba a Chrome ba, kana danna baya ya tafi, kuma Chrome bata san anyi ba. A nan sai ka shiga jerin Facebook, wajen Settings & privacy, ka nemi Link history, in yana kunne yana riƙe linkin da ka danna na kwana 30. Instagram ma tana da irinsa a ƙarƙashin Your activity. In a WhatsApp aka turo maka, kar ka wahalar da kanka da burauza, koma hirar ko guruf ɗin, danna sunan a sama, shiga inda hotuna da takardu suke, akwai ɓangaren Links, duk linkin da aka taɓa turowa suna nan a jere ko guruf ɗin ya kai saƙo dubu a rana irin na 'yan makarantarmu. In kuma ta manhajar Google ka nema, wannan mai babban G, danna hotonka a kusurwa ka shiga Search history kaga abun da ka rubuta, ka sake nema.

Akwai dai wanda baya dawowa, gara in faɗa kar wani ya karɓi sidi hamsin ɗinka yace zai dawo maka dashi. Shafin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito mai alamar hula da tabarau, Safari da Firefox suna kiransa Private, Samsung tace Secret mode, in ka rufe shi ya tafi kenan, baya shiga histiri baya shiga jerin wanda aka rufe, don dama abun da aka yi shi dominsa kenan. Kar ka cike fom mai muhimmanci a ciki. Na biyu in ka goge histiri da hannunka, kuma a kula, a Chrome ta yanzu wannan Delete browsing data ɗin da ke cikin ɗigo uku yana iya rufe har da shafukan da ka buɗe a cikin lokacin da ka zaɓa, karanta abun da ya lissafa kafin ka danna. Na uku shine shiga saitin waya a goge bayanan manhaja. Nan maɓalli biyu ne kusa da juna kamar tagwaye amma halinsu ba ɗaya ba. Clear cache shara kawai yake kwashewa, baya taɓa tab. Clear data ko Clear storage kuwa yana maida burauzar kamar yau aka saka ta, tab da histiri da duk inda ka shiga da fasawod sun tafi, sai abun da ke cikin asusunka.

Nan ne labarin Alhajin Kejetia ya shigo. Shafukansa sama da ɗari duk na masu saida kaya ne a Chaina, wannan na soket, wannan na ƙwan fitila, wannan na mai kawo kwantena, tab ɗin sune littafin kasuwancinsa. Wayar ta fara nauyi ya kai wa wani mai gyara, shi kuma don ya nuna aiki ya shiga ya goge bayanan manhajoji ɗaya bayan ɗaya har da burauza, waya tayi sauri kam. Alhaji ya kira ni da daddare muryarsa na rawa. Nace Alhaji ka san Gmail ɗinka? Allah ya taimaka babban ɗansa ya rubuta masa a bayan wani littafin rasit. Muka shiga, histirin ya sauko, muka zauna har wajen sha ɗaya yana cewa wannan ne, a'a ba wannan ba, muka tsamo wajen arba'in da yake buƙata da gaske. Sauran shi kansa ya kasa tuna me ya kai shi.

Sai abun da ya kamata kowa ya sani game da fom da biyan kuɗi. Dawo da tab ba yana nufin abun da ka rubuta a ciki zai dawo ba. Shafin ne ake sake ɗaukowa daga intanet, in shafin bai adana maka ba to sunanka da lambar Ghana Card da duk abun da ka cike sai ka sake. Wani shafin ma zai ce lokacinka ya ƙare ka sake shiga da fasawod. Don haka fom mai tsawo in yana da maɓallin adanawa ka dinga dannawa duk shafi, lambobin da aka baka irin siriyal da fin na katin duba sakamako ko na fom ka ɗauki sikirinshot ko ka rubuta a takarda tun kafin ka fara. Katin duba sakamako kuma yana da iyakar sau nawa za'a yi amfani dashi, in sakamako ya fito ka ɗauki hotonsa nan take kar ka dogara da cewa tab yana buɗe. In kuma kana tsakiyar biya ne shafin ya rufe ko ya sake lodi, dan Allah kar ka sake biya a guje. Fara duba saƙon MoMo da ragowar kuɗinka. In an cire, ajiye lambar cinikin da ke cikin saƙon, koma shafin ka shiga asusunka ka duba ko ya nuna an biya, ka ɗan bashi lokaci. Mutane da yawa sun biya sau biyu saboda gaggawa, kuma karɓo kuɗi yafi fitar dasu wuya.

Shafin da kasan zaka sake buƙata kar ka barshi a matsayin tab kawai. A Chrome danna ɗigo uku ka taɓa alamar tauraro, ya shiga Bookmarks, nan baya fita sai kai ka cire shi, ko ayi Clear data alhali baya cikin asusunka. In suna da yawa shiga inda suke jere, ɗigo uku, Select tabs, ka zaɓe su ka adana su lokaci guda. A Safari riƙe alamar littafi da yatsa zata baka zaɓin adana duk shafukan da ke buɗe a jaka ɗaya. Wanda kake shiga kullum, kamar na makaranta ko na duba farashi, akwai Add to Home screen, ya zauna a fuskar waya kamar manhaja. Na karatu kuma akwai alamar kibiya mai kallon ƙasa a saman jerin Chrome, tana sauke shafin ka karanta ko data ta ƙare ko netwok ya gudu. Ni abun da nake yi ma mai sauƙi ne, ina tura wa kaina linkin a WhatsApp da ɗan bayani, misali in rubuta mai soket na Chaina, ranar da nake so in rubuta soket a bincike ya fito. Kuma in kana kan kwamfuta a kafe ko ofis, Ctrl da Shift da T a tare suna dawo da tab ɗin da aka rufe, kana ƙara dannawa suna ƙara dawowa.

Ƙanwata dai shafukanta bakwai sun dawo, amma na fom ɗin ya dawo fanko daga shafi na uku, don na ɗaya da na biyu kaɗai ta adana. Ta zauna nan gefen benci ta sake cikewa, aka miƙa mata ataya zagaye na uku, ta gama ana kiran magariba. Yaron kuma Mma tace daga yau wayarta ta tsohuwa mai maɓalli za'a dinga bashi, yayi ta danna abunsa.